A Hutar da Waziri Jatau

An ruwaito a wasu tsofaffin takardu cewa a ƙarni na goma sha uku bayan Hijira an yi wani waziri a Birnin Kurnawa, ana ce masa Jatau. Ɗan marina ne, ko kuwa ɗan dukawa, na manta wanne malaminmu ya ce, Allah ya jiƙansa. Ilmi ne ya kai shi fada. Shekara ashirin da 'yan kai yana gyara ganuwa, yana haƙa rijiyoyi, yana hana Sarki Mayana kai hari ƙauyukan da suka shiga amana. Aibinsa guda, bai iya sassauta harshe ba.

Wata rana ya musa wa Sarki magana a gaban fadawa. Da aka watse, Sarki ya kira Tanko, Sarkin Dogarai, ya ce masa, "Waziri ya tsufa. A hutar da shi."

Kashegari da hantsi aka tare Jatau a bakin wata rijiya da ya je dubawa, aka sare shi.

Gari ya ruɗe. Kasuwa ba ta ci ba, jama'a suka cika ƙofar fada. Sarki ya yi ta kuka yana rantsuwa murabus kawai ya nufa. Ya sa aka ɗaure Tanko, ya ba Alƙali Hamidu kwana uku ya faɗi wanda ya kashe waziri, a fille masa kai.

Shi kuwa Hamidu tare suka yi karatu da Jatau. Zama ya gagare shi. Ya buɗe littafi ya rufe, ya fita zaure ya komo, tuwo ya huce a gabansa. In ya ce Tanko, ya binne rabin gaskiya tare da abokinsa. In ya ce Sarki, nasa wuyan ne a bakin takobi. Ya je kurkuku, Tanko ya gaya masa shekara goma sha biyar yana zartar da hukuncin kisa, ba a taɓa aikensa karɓo rawanin wani hakimi ba, wannan aikin Shamaki ne, babban bawan Sarki.

Rana ta uku alƙali ya faɗi ya yi gaisuwa, ya nemi izini ya fara ba da wani labari. Ya ce an yi wani madugu a hanyar Gwanja, yana da tsohon takarkari, bijimin ɗaukar kaya, mai turjewa duk inda ya ji ƙasa ba ta da kyau. Sau da yawa ya tsirar da ayari daga taɓo, amma madugu ya gaji da tsaye-tsayensa. A ayarin akwai mai ɗaurin kaya, akwai mahauci. Madugu ya wuce mai ɗaurin kaya, ya tsaya gaban mahauci ya ce a raba dabbar nan da wahala. Da ya komo ya iske nama a kan ganye, sai ya ɗora hannu a ka.

Alƙali ya dubi Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wa ya kashe takarkarin?"

Sarki ya ce, "Wannan ai ba wuya. In sauke kaya yake so, me ya kai shi wurin mahau..." Sai ya gane kansa ya yanke wa hukunci.

Alƙali ya sunkuyar da kai ya ce, "Na bincika, ranka ya daɗe. Ranar nan Shamaki yana fada, lafiyarsa lau."

Fadawa kowa na kallon tabarmarsa. Can Sarki ya ce, "Hamidu, ba ka ji tsoro ba?"

"Na ji, Zaki. Har yanzu ina ji."

An ce Sarki ya miƙe ya fita ƙofar fada da ƙafarsa, ya faɗa wa jama'a abin da bakinsa ya yi, ya roƙi magadan Jatau gafara. Suka yafe jinin, aka kori Tanko daga ƙasar, gama hannunsa ne ya sara. Hamidu kuwa aka naɗa shi waziri, bisa sharaɗin da ya gindaya, cewa duk umarnin da ya shafi ran mutum sai an rubuta shi an karanta a gaban malamai.

Ruwayoyi sun saɓa kan yawan shekarun da Hamidu ya yi yana waziri, wasu sun ce bakwai, wasu biyu. Abin da suka haɗu a kai shi ne, ranar hisabi za a tambayi mai mulki maganar da ya furta, a kuma tambaye shi kunnen da ya zaɓa ya zuba ta.