Aji Huɗu a Gonar Malam

An yi wani mutum a ƙasarmu ta Gobir, ya 'yan uwa, saurayi ɗan Sabon Birni, kuma ba za ni faɗi sunansa ba ko kun roƙe ni. Ku bar waige-waigen nan, ba ya cikin masallacin ga. Mutumin ya shiga kwalejin horar da malamai, yana neman takardar da za ta ba shi ikon riƙe alli a gaban ɗiyan mutane.

Ba daƙiƙi ba ne, wallahi. Ga kai, ga baki. In ya soma zuba sai ka manta abin da ya kawo ka wurinsa. Ciwonsa guda ne: duk abin da ake yi a miƙe, shi sai ya nemo masa hanyar gefe. Ana lacca yana shan shayi a bakin ƙofar kwaleji. Ana karatun jarabawa yana neman wanda zai zauna kusa da shi. Darussan da ya faɗi suka taru masa, makinsa ya yi ƙasa, har hukumar kwaleji ta kira shi ta ja masa kunne na ƙarshe. Aka ce masa, "Saura koyarwar gwaji. In ka ci ta ka tsira. In ka faɗi, ko aka kama ka da wani rashin ɗa'a, ka kwashe kayanka."

Ga wanda bai sani ba, koyarwar gwaji ita ce a tura ɗalibi wata firamare ya yi zango guda yana koyarwa. Wata rana sai malami ya taso daga kwaleji ba sanarwa, ya zauna a bayan aji, ya ga yadda yake yi, ya ba shi maki. Kafin a sallame su sai da aka tara su aka karanta musu dokoki. Kada ka bar ajinka. Kada ka doki yaro. Kada ka sa ɗan mutane aikin kanka, ko da sayen goro ne. Duk cikin zauren nan babu wanda ya kai mutuminmu gyaɗa kai.

Ya zaɓi wani ƙauye gaba da Kamarawa, a ƙasar Isa, inda kawunsa ke zaune. Kuna tsammanin son zumunci ne? Ina! Ya lissafa cewa hanyar can ba ta da daɗi, masu dubawa ba su cika son bin ta ba. Hedimastan makarantar kuwa bawan Allah ne da aiki ya yi wa yawa, shi ke riƙe da aji biyu, shi ke zirga-zirga zuwa Isa. Da ya ga an kawo masa mataimaki har godiya ya yi wa Allah. Ya damƙa masa aji huɗu, wanda ke can ƙarshen makaranta, jikin gonaki.

Sai ruwa ya sauka. Kawun nasa ya nuna masa wani fili a bayan makarantar ya ce, "Ga shi nan, bana ba ni da hannun noma shi. In kana da ƙarfi, bismilla."

Mutuminmu ya dubi fili. Ya dubi tafin hannunsa mai laushi kamar na jariri. Ya juya ya dubi aji huɗu cike da yara masu jini a jika. Ya 'yan uwa, Shaiɗan bai sha wata wahala ba ran nan, tsayawa kawai ya yi yana kallo.

Da safe ya shiga aji ya ce, "Yara, yau darasin aikin gona ne, kuma a aikace za mu yi shi." Yara suka sa ihun murna. Wane yaro ne za a ce masa ya fita daga aji ya yi fushi? Suka yi shuka suna waƙa. Hedimasta ya hango su ya tambaya, aka ce masa ai yana cikin manhaja, ya ce madalla, ya koma kan nasa.

Da a nan ya tsaya, da ban kawo muku labarinsa ba. Amma gero ba ya tsayawa a shuka. Haki ya taso, aka yi noman farko. Haki ya sake tasowa, aka shiga maimai. Darasin da ya fara da safiya guda ya cinye mako, ya cinye wata. Ya aro musu 'yan hauyoyi, ya raba musu kunya-kunya, shi kuma yana kishingiɗe gindin aduwa da wayarsa, yana sauraren gidan rediyon Nijar. In lokacin tashi ya yi sai ya sa su wanke ƙafa a bakin famfo. A gida in an tambaye su me aka koya, su ce darasin gona. Iyayen kuwa gonakinsu na can ɗaya gefen gari, wajen fadama, kuma mafi yawansu ba su taɓa zama aji ba balle su san abin da ke cikin manhaja.

To mai dubawa fa? Ai mutuminmu ya shirya masa tsaf. Ya ƙulla da wani ɗan kabu-kabu a tashar Isa, Kalilu sunansa, cewa duk ranar da ya ga baƙo da jaka yana tambayar makarantarsu, ya buga masa waya. Sannan ya zaɓi darasi guda tak, sassan shuka, ya dinga bita da yaran har ya zauna musu kamar sunansu. Wa zai ɗaga hannu, wa zai tashi, wa zai yi tambaya, duk ya tsara. Ƙwazon da ya zuba a wannan ha'inci, da koyarwa ya zuba shi, da yanzu shi ke duba wasu.

Rannan da hantsi, ana tsakiyar maimai, waya ta yi ƙara. Kalilu ne. "Malam, ta sauka! Wata hajiya ce da tabarau. Ni za ni kawo ta, za ni bi da ita a hankali. Ka yi maza!"

Kai, da kun ga gudu! Ya kwaso yara, aka jibge hauyoyi a bayan aji, aka yi wanka rabi da rabi a famfo. Ya zura farin kaftani, ya kafa hula, ya zana bishiya a allo. Ko da Malama Halimat ta sauka daga babur, ita ce mai dubawar, sai ta tarar da aji tsit, kowa ya naɗe hannu. Suka miƙe suka gaishe ta da murya guda. Ta nemi benci a baya ta zauna.

Darasi ya tafi kamar ruwa. "Mene ne ke riƙe shuka a ƙasa?" Hannuwa sama: "Saiwa!" "Ina ganye ke fitowa?" "Jikin kara!" Malama Halimat na murmushi tana gyaɗa kai, tana cewa a ranta ashe yaron da aka ce ya lalace ya shiryu. Mutuminmu ya hango murmushin nan. Ya ƙara gyara hula, har ya fara jin ƙamshin takardarsa.

Ana cikin haka sai ga mutum a ƙofar aji, da sanda da malafa, yana haki. Yero ne, Bafulatanin da gonarsa ke maƙwabtaka da ta Malam, mutumin kirki mai gudun haƙƙin maƙwabci. Bai ga baƙuwa a baya ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Malam, maruƙana sun ɓalle, suna cikin geronka! Yau ina yaran naka suka shiga? Kullum suna can, yau da ake buƙatarsu babu ko ɗaya!"

Kafin Malam ya buɗe baki, aji huɗu ya tashi. Wasu ta ƙofa, wasu ta taga. Benci ya kife. Kowa ya zagaya baya ya suri hauyarsa, suka nausa gona suna ihu, Yero na biye. Me zai hana su gudu? Guminsu ne a cikin geron nan. Cikin ƙiftawar ido ba kowa a ɗakin sai mutum biyu, ɗaya da alli a hannu, ɗaya da biro.

Malama Halimat ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta ce, "Malam, ci gaba da darasinka, ina saurare."

Na ga kuna dariya. Ku yi, ni ma da aka ba ni labarin sai da na riƙe ciki. Mutuminmu ya fara kame-kame, wai gonar makaranta ce, wai yaran ne ke da son dabbobi. Bai gama ba suka dawo, caɓo har gwiwa, fuska fal farin ciki, suna rige-rigen ba da labari: "Malam, mun kore su! Kunya biyu kaɗai suka taɓa, gobe sai mu gyara!"

Ta zaunar da su. Ta yi musu tambayar lissafi mai sauƙi, suka dubi juna, suka amsa baki ɗaya, "Saiwa!" Ta tambaye su me kuma aka koya musu tun farkon zango, suka ce kara da ganye. Sai ta ce kowa ya buɗe tafin hannunsa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, duk kantar riƙon hauya ce, har da 'yan matan. Daga nan ba ta ƙara murmushi ba. Ta tafi ofishin hedimasta, wanda ya riƙe kai yana salati.

Kwamitin ladabtarwa bai daɗe yana zama ba. Laifi ya fito fili, ga gargaɗi na ƙarshe a kansa tun farko. Aka kore shi, saura kaɗan ya gama. Ya yi kuka, ya durƙusa, ya jawo kawunsa da dattawan unguwarsu suka je ban haƙuri. Malama Halimat ta karɓe su da mutunci, ta ba su ruwa, ta ce, "Baba, da ni ya yi wa laifi da na yafe tun a can. Ba ni ya yi wa ba." Suka tashi suka tafi.

Amma ba korar ce ta fi ƙona shi ba. Ranar da ya koma ƙauyen kwasar kayansa, yana ɗaure katifa a zauren kawunsa, sai aka yi sallama. Wani dattijo ne mai suna Na'Allah, mahaifin wata yarinya 'yar aji huɗu, Fadima. Ya shigo dafe da ƙugu, ya zauna da kyar. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Malam, ni ma ina da gona. Ɗiyar nan ita kaɗai gare ni mai iya kama mini aiki. Bana na karɓe hauya daga hannunta na ce ko da damina ta riƙa tahiya makaranta, kada ta ƙare kamar ni. Ni kaɗai na yi noman farko da wanga baya nawa, rabin gonar haki ya cinye. In ta dawo da marece ta kwanta a gajiye sai in ce wa uwarta, bar ta, karatu ne, karatu na da nauyi. Ashe hauyar da na karɓe, kai ka mayar mata."

Mutuminmu ya saki igiyar da yake ɗaure katifar. Ya sunkuyar da kai hawaye na ɗiga kan katifa. Dattijon ya dafa bango ya miƙe, ya ce Allah ya kai ka gida lafiya, ya fita. Har yau mutuminmu bai sake taka ƙauyen nan ba, kuma bai sake shiga aji ba.

Ya 'yan uwa, mene ne ya halaka shi? Maruƙan Yero? A'a. Cin amana ne. Duk yaron da ka gani zaune a aji, akwai wanda ya ɗauki nauyin aikinsa a gida domin ya samu zaman nan. Akwai uwar da ta je ɗebo ruwa da kanta, akwai uban da ya duƙa shi kaɗai. Safiyar yaron ba taka ba ce, ba ka aka yi ajiya. Dokokin da ake karanta muku a kwaleji ba don a takura muku aka yi su ba, don a tsare haƙƙin waɗannan bayin Allah ne da ba su san ma yadda za su bi kadinsa ba.

Ku ɗaliban malanta da ke zaune a sahun baya, da ku nake, kuma na ga wanda ke ɓoye fuska. Kuna iya dasa ɗan kabu-kabu a tasha ya tsare muku mai dubawa daga kwaleji. To wa za ku dasa ya sanar da ku zuwan ranar da za a tambayi kowa abin da aka ba shi tsaro? Mu ma sauran kada mu saki jiki. Mai shago da yaran shagonsa, mai gareji da masu koyo a hannunsa, ni kaina da ɗaliban da ke gabana, duk maganar ta shafe mu. Wanda ya san ya taɓa wani abu makamancin wannan, ya je ya nemi yafiyar masu haƙƙi tun suna raye, yana raye.

Allah ya ba ɗiyanmu malamai masu tsoronsa. Allah ya saka wa iyayen da ke wahala don 'ya'yansu su yi karatu. Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya yarda da mu, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.