Tafki Ɗaya, Mutum Uku

Ku matso ku ji wannan, in kun gama ji ku raba gardamar da kanku.

A bayan garin Haɗeja akwai wata dattijuwa, Gwaggo Ladidi, mai kiwon tarwaɗa. Sana'ar ta karɓe ta, kuma mutum uku ne ke riƙe mata da gonar.

Tanimu ne mai ba kifi abinci. Duk ƙarshen wata yana karɓar albashi, ko an samu ko ba a samu ba. Amma ba mai ce masa zo yanzu, tafi an jima. Yana da teburin shayinsa a tasha, ranar da ciniki ya riƙe shi sai ya aiko ƙaninsa. Gwaggo ba ta taɓa damuwa ba, tunda kifi na ƙoshi.

Shi kuwa Iro, injin ban-ruwa nasa ne, man injin ma shi ke saya, kuma iya aikin da ya yi iya abin da za a biya shi. Sai dai shekara da shekaru bai ja wa kowa ruwa ba sai ita. Ita ke sa masa lokaci, ita ke nuna masa tafkin da zai fara, kuma ta hana shi turo wani a madadinsa.

Talatu ke yin banda. Murhu na Gwaggo, itace na Gwaggo, kullum tana rumfar tun safe har la'asar. Amma in ta kai kasuwa ita ke yanka farashi. Riba tata, faɗuwa tata.

Wata bazara, rana tsaka, rijiyar burtsatsen gonar ta ƙafe. Tanimu ne ya lura kifi sun taso sama suna haki, ya manta da shayin da ya baro a kan wuta, ya ruga ya tara mutane. Iro ya jona tiyo a kan tiyo har bakin kogi, ya yi ta jan ruwa sai da injinsa ya kusa ƙonewa. Kifin da suka riga suka galabaita, Talatu ta kwashe su ta yi bandarsu kafin su lalace. Ba a yi asarar komai ba. Gwaggo ta zauna a bakin tafki tana ta sa musu albarka.

Bayan damina sai shugaban ƙungiyar masu kiwon kifi ya zo da albishir: an haƙa sababbin tafkuna, kowace gona za ta ba ma'aikacinta ɗaya tafki guda, ya zama nasa.

"Amma fa Gwaggo," in ji shi, "ma'aikaci aka ce. Ban da ɗan kwangila, ban da mai zaman kansa."

Ta yi dariya. "Ɗana, ai duk nawa ne."

"Na sani. Wanda ke ƙarƙashinki nake tambaya."

Ta buɗe baki za ta ce Tanimu, sai ta tuna rabon da ta ba shi umarni har ta manta. Ta juya ga Iro, ga injinsa a kafaɗa. Ta dubi Talatu, tana jera kifin da gobe za ta sayar yadda ta ga dama. Su ukun kuwa suna ta raha, kowa ya ce ya yarda da hukuncinta.

To, jama'a, mai albashi, ko mai bin umarni, ko mai aiki da kayan Gwaggo: wane ne a cikinsu ma'aikacin Gwaggo Ladidi?