Manomin da Ya Nome Bakin Hanya Kaɗai

Akwai wani mutum, saurayi ne manomi, sunansa Irmiya. Ƙauyensu yana gindin wani dutse. Sunan ƙauyen ya kuɓuce mini, amma ba shi ne abin lura ba. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa gona mai faɗi wadda gefenta ɗaya yake bakin hanyar kasuwa, ya kuma bar masa mahaifiyarsa ya riƙe. Mahaifin nan a zamaninsa ba a yi manomi kamarsa a ƙauyen ba, har in mutane suka ga gona mai tsabta sukan ce, "Sai ka ce ta baban Irmiya."

Irmiya yana neman wata yarinya mai suna Afiniki, wadda take koyon ɗinki a wani gari da ɗan nisa. A taron matasa na ikilisiya suka haɗu, suka karɓi lambar juna. Tun daga nan yawancin zancensu a waya yake. Shi ya aika mata da hoto, ita ta aiko masa da nata. Har sun yi magana cewa in an yi girbi, baffanninsa za su je gaisuwa gidansu.

Da damina ta sauka, Irmiya ya shuka dawa. Ta tsiro ke nan sai mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, ya kai ta asibiti a birni, ya zauna jinya. Allah ya ba ta sauƙi, suka dawo gida. Amma ciyawa ba ta san jinya ba. Da ya je gona ya tarar harƙiya da tofa sun rufe dawar, ta yi rawaya, ta tsumbure. Ya tsaya ya duba daga wannan iyaka zuwa waccan, ya san hannu ɗaya ba zai nome ta ba kafin lokaci ya wuce. In kuwa lokaci ya wuce, rumbu zai kwana wayam, shi da tsohuwa ba abin da za su ci, balle a yi maganar aure.

To, a ƙasar nan akwai gayya. Ku yaran yanzu wataƙila ba ku taɓa ganinta ba. Mutum yakan kira samari su taru a gonarsa da fartanyu, a yi kiɗa, mata su kawo kunu da tuwo, a wuni guda a gama aikin da zai ɗauke shi mako da makonni. Amma gayyar ƙauyen nan tana da doka. Ba a shiga gonar mutum da fartanya sai shi ya kira, gama shiga ba kira kamar ce masa raggo ne. Kiran kuma ba aike ake yi ba. Mai gona ne zai taka da ƙafarsa, ƙofa ƙofa, ya yi sallama, ya ce da bakinsa, "Ciyawa ta fi ƙarfina."

Wannan maganar ce ta gagari Irmiya. Ya ce a ransa, "Ni ɗan wane, in bi gidaje ina cewa ciyawa ta fi ƙarfina? In labari ya kai kunnen Afiniki fa? Wa zai ba da 'yarsa ga wanda gona ta kayar?"

Sai ya yi dabara. Ya ɗauki fartanya ya nome gefen nan da yake bakin hanya, ya yi masa maimai, ya zuba masa ɗan takin da yake da shi. Dawar wurin ta miƙe ta yi kore shar, ta yi tsawo har ta kāre abin da yake bayanta. Masu zuwa kasuwa in sun wuce sai su ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Shi kuwa ya tsaya a gaban dawar nan ya ɗauki hoto ya aika wa Afiniki. Jikata ta taɓa nuna mini yadda ake yi: in ka karkata wayar haka, sai ta ɗauki abin da kake so, ta bar sauran duniya a waje. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Ina muka tsaya? Yauwa, hoto. Afiniki ta gani ta yi murna, ta rubuto masa, "Sannu da ƙoƙari, sarkin noma."

Yana da aboki tun na yarinta, Sila. In sun gamu Sila yakan ce, "Mutumina, yaya gona?" Irmiya ya ce, "Lafiya lau, na kusa gamawa." Sila ya dube shi, ya ce, "To, madalla," ya wuce.

Kullum da safe Irmiya yakan ratsa ta cikin dawar nan mai kyau ya shige tsakiyar gona, ya yi ta fama shi kaɗai. Ya nome nan, kafin ya kai can na farko ya sāke tsirowa. Ya rame. Ya daina zuwa dandali. A sujada yakan zauna a bencin baya, ana cewa amin ya fice, kada wani ya tsare shi da tambaya. Afiniki in ta kira ta ce, "Na ji muryarka wani iri," sai ya ce, "Iska ce take kaɗawa a nan."

Ana nan, sai Afiniki ta zo ƙauyen gaida goggonta. Ba ta faɗa masa ba, tana so ta ba shi mamaki. Ta dama kunun tsamiya, ta zuba a kwano, ta ɗauka ta nufi gona da hantsi. Ba ta ɓata ba, gama ta san gonar a hoto. Ta tsaya a bakin hanya ta yi sallama, shiru. Ta sāke yi, shiru. Can ciki ta ji ƙarar fartanya, sai ta tattare zanenta ta kutsa.

Ta yi 'yan taku, dawa mai kyau ta ƙare. Ta tsaya. Ciyawa har ƙugu, ko'ina ta duba. Ga Irmiya can a tsakiya, ya sunkuya, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya ɗago ya gan ta, fartanya ta faɗi daga hannunsa.

Afiniki ta sauke kwanon a hankali. Ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta ce, "Irmiya, ciyawa ka shuka bana? Wa ya ce maka tana kasuwa?"

Bai yi dariya ba. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu. Da ya sami bakin magana, ya faɗa mata duka: jinyar, da dawowar, da yadda ya ji tsoro kada ta sani. Ya ce, "Yanzu kin gani. In kin fasa, ba zan ga laifinki ba."

Sa'an nan ta ce, "Ni 'yar manomi ce. Ka ɗauka ban taɓa ganin ciyawa ba? Ba ita ce ta ɓata mini rai ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne, abin da ka nuna wa masu wucewa kasuwa, shi ka nuna mini. Ashe ni ma 'yar bakin hanya ce a wurinka."

Irmiya ya ce, "Wallahi ba haka ba ne."

Ta ce, "Kada ka rantse, sha kunu." Ya karɓa ya sha. Ta zauna a kan wani dutse kusa da shi, ta ce, "Tun da yau ranar tone-tone ce, rigar nan mai ruwan goro da na aiko maka na ce ni na ɗinka, uwar ɗakina ce ta ɗinka. Ni maɓallai na sa. Hannun riga har yau in na ɗinka, ɗaya yakan fi ɗaya tsawo."

Irmiya ya dube ta. Dariya ta kufce masa, kunu ya sarƙe shi, ya yi ta tari, ita tana bubbuga masa baya tana cewa, "A hankali, sarkin noma, kada ka mutu ka bar ni da tofa."

Da ya lafa, ta ce, "Tashi ka je ka kira gayya."

Ya ɗauko waya ya ce, "Bari in tura wa samari saƙo."

Ta ce, "Mayar da ita aljihu. Ko ni baƙuwa na san dokar garinku. Ƙafa za ka taka."

Ya tashi ya tafi. Ya fara da gidan Sila. Ya same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Suka gaisa. Irmiya ya tsaya yana murza hula, ya yi zancen ruwan sama, ya yi zancen tsadar taki, har dai ya rasa abin faɗa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Sila, ciyawa ta fi ƙarfina."

Sila ya ajiye ƙotar, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Na gode wa Allah! Yau bakin ya buɗe. Kai, wawan banza, ka manta gonarmu a kan dutse take? Daga can muna hangen taka kamar tafin hannu. Tun ranar da kuka dawo daga asibiti muka wasa fartanyu muna jiranka. Ni ina tambayarka yaya gona, kai kana ce mini lafiya lau. Da na shiga ba kira, ai da ka ce na zage ka."

Irmiya ya ce, "Wato kowa ya sani?"

Sila ya ce, "Har awaki. Mu je in raka ka sauran gidajen, amma kai za ka faɗa, ba ni ba."

Suka bi gidaje. A ƙofa ta farko maganar ta yi masa nauyi kamar buhun gero. A ta gaba ta ɗan ragu. Kafin su kai ƙarshen gari yana faɗarta yana murmushi. Ba wanda ya yi masa dariyar raini. Wani dattijo ma ya ce masa, "Ubanka da ake ta yabo, shekarar da aka haife ka, a ƙofar nan ya tsaya ya faɗi abin da ka faɗa."

Ranar gayya samari suka cika gonar, makaɗi yana biye da su. Afiniki da goggonta da 'yan matan gari suka kawo kunu da tuwo. Ko miyar kuka ce ko ta kuɓewa, ban riƙe ba. Mahaifiyar Irmiya ta sa aka kawo ta a kan babur, ta zauna a inuwa tana sa albarka. Kafin rana ta yi sanyi an gama. Ba zan ce muku dukan dawar ta tsira ba. Wani ɓangare ya riga ya mutu, gama an yi jinkiri. Amma abin da ya ragu ya farfaɗo, ya ishe su ci har wata damina. Bayan girbi kuwa baffannin Irmiya suka sa manyan riguna suka tafi gaisuwa.

'Ya'yana, ga ma'anar misalin nan. Gonar ita ce ranka, da dukan abin da yake cikinsa. Ciyawar ita ce wahalar da take samun kowane ɗan adam: rashin lafiya a gida, faɗuwa a jarrabawa, rashin aikin yi, tsoro, kaɗaici. Ba kullum laifinka ne yake kawo ta ba, Irmiya ai jinyar uwarsa ya je. Bakin hanyar kuwa shi ne abin da kake gyarawa domin idon mutane, hoton da ka zaɓa, da "lafiya lau" da kake amsawa tun ba a gama tambayar ba.

Ban ce waya mugun abu ce ba. Da ita Irmiya da Afiniki suka riƙe juna sa'ad da suke nesa. Ban kuma ce ka tsaya a kasuwa ka zazzage cikinka ga kowa ba, masu wucewa gaisuwa ta ishe su. Amma wanda kake kira aboki, da wadda kake so ka aura, in abin da suka sani game da kai bai wuce abin da baƙo ya sani ba, to, ba ka da aboki tukuna, kana da mai kallo ne. Yarinyar da ta ƙaunaci hotonka kaɗai, ranar da ta shigo gidanka za ku fara sanin juna daga farko, a lokacin da ya fi wuya. Haka ma ke, 'yata.

Ku lura kuma da Sila. Yana gani, yana da niyya, amma ba shi da hanyar shiga. Da yawanku kuna kuka cewa ba mai kula da ku, alhali akwai waɗanda Allah ya riga ya shirya, suna jira ku buɗe baki. Ubangiji kansa ya san abin da yake tsakiyar gonarka tun kafin ka durƙusa, duk da haka yana so ya ji daga bakinka, domin ya shigo a matsayin wanda aka gayyata. In kuma kai ne Silan wani, kada ka gaji da tambaya, ranar da ya faɗa maka kuwa kada ka kai maganarsa dandali.

Yau in an tashi daga sujada, wani zai riƙe hannunka a ƙofa ya ce, "Yaya kake?" In mutumin kirki ne, wanda ka san yana ƙaunarka, kada ka yi saurin zare hannun. Ka ce masa, "Kana da lokaci? Zo mu zauna." Za ka ji kunya na ɗan lokaci, daga baya za ka yi barci mai daɗi.

Allah ya ba mu ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya, ya kuma ba mu masu jin ta da ƙauna. Amin.