Gashin Barsu da Hukuncin Dagaci

Dalilin da ya sa kare yake barin gashi duk inda ya kwanta ba ƙazanta ba ce, yara, kuma ba ciwo ba ne. Zalunci aka yi masa, har yanzu ba a gyara ba. Ku gyara zama, kada wanda ya katse ni.

A zamanin da dabbobi suke magana da mutane, gashin kare ba ya zuba. A kafe yake kamar na wutsiyar doki, ko ja ka yi sai dai hannunka ya gaji. A lokacin akwai wani mafarauci mai suna Korau, yana da kare, Barsu. Barsu ja ne kamar garwashi, gashinsa har ɗaukar ido yake yi. Shi ke tayar da zomo, shi ke tare barewa, Korau nasa harbi kawai.

Wata rana da damina wani ɗan dambe, Gagare, ya fake wa ruwa a zauren Korau. Ya ga Barsu a kwance, ya shafa bayansa, ya sake shafawa.

Ya ce, "Korau, wannan fatar ta fi ƙarfin kare. In na ɗaura warkinta na shiga fili da kaka, ai kafin in kai naushi abokin karawa ya rikice."

Korau ya ce, "To ka saya mana."

"Tunkiya mai ciki, yau zan aiko da ita. Ka ci gaba da kiwonsa, in an yi girbi in zo a feɗe."

Suka tafa. Barsu yana nan ƙarƙashin ƙafafunsu, ko sassauta murya ba su yi ba. Wannan ya fi yi masa ciwo a kan maganar wuƙar.

Da ruwa ya ɗauke, Barsu bai gudu daji ba. Me zai gudar wa, shi da bai yi laifi ba? Ƙofar dagaci ya nufa, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙara na kawo. Ina raye an sayar da fatata."

Aka kira Korau. To dagacin nan, duk farauta sai an kai masa cinyar barewa daga gidan Korau. Ya dubi kare a wulaƙance ya ce, "Wa ke ba ka tuwo?"

Barsu ya ce, "Wa ke kamo naman miyar?"

"Kai, ba a zo nan don ka yi tambaya ba! Gashin da ya tsiro da tuwon Korau na Korau ne. Na gama."

Barsu ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a maimaita jama'a su ji."

"Na Korau ne!"

"To na ji. Tunda nasa ne, zan kai masa abinsa."

Daga nan ya wuce dangar ƙaya ta bayan gida, ya shiga goga jikinsa. Gashi ya ƙi fita. Ya sa haƙori ya ja har jini ya tsattsafo, ya samu ɗan gashi kaɗan, ya ɗauko a baki ya ajiye a tsakiyar tabarmar Korau. Kashegari ya koma, jibi ma haka. A hankali saiwar gashin ta saki, har ta kai girgiza ɗaya zai yi ya zubo.

Kuma ba ko'ina yake girgizar ba. Sai ya jira an shanya rigar Juma'ar Korau. Sai ya jira an buɗe randa, ko an baza gari a faifai.

Tasalla, matar Korau, ita ta fara shan wahalar. Ta ce, "Maigida, wace masifa ka jawo mana? In na sa tsintsiya ya tashi sama, in na juya ya sauka a miya." Daga baya ta gane in ta jiƙa tafin hannu ta shafa tabarma, gashin yana naɗewa ya zama dunƙule. Amma kafin ta gama ɗaki ɗaya, Barsu ya gama da ɗayan.

Ranar da Korau ya zaro jan gashi daga furar da ya miƙa wa surukinsa, ya fito da sanda.

"Ɗan banza, me na yi maka?"

Barsu bai matsa ba. Ya ce, "Kayanka ne, maigida. Dagaci ya faɗa. Ni ba ɓarawo ba ne da zan riƙe maka."

Aka ɗaure shi a waje. Ya tsaya ta inda iska ke shiga gida ya girgiza.

Da aka yi girbi, Gagare ya zo da wuƙarsa a washe. Ya tarar da kare duk faci-faci, nan gashi, nan fata tsirara. Ya zagaya shi, ya tuntsire da dariya.

"Wannan zan ɗaura a gaban 'yan mata? Ai tsohuwar tabarmar kakata ta fi shi." Ya kwance tunkiyarsa, ya haɗa da ɗan da ta haifa, ya yi gaba.

Barsu ya tsira da fatarsa. Gashi kuma ya sake tsirowa, ja kamar da. Korau ya zo ya tsuguna kusa da shi, ya sassauta murya don kada Tasalla ta ji.

"To Barsu, ciniki ya mutu. A bar wannan abin haka."

Barsu ya ce, "A gaban jama'a aka ce gashina naka ne. Ka tashi mu je gaban jama'ar, ka ce nawa ne."

"Ni? In tsaya a ƙofar dagaci in ba kare haƙuri?"

"Ba haƙuri na nema ba. Gaskiya kawai za ka faɗa."

Korau ya yi tsaki, ya kakkaɓe rigarsa ya shige gida. Barsu ya bi shi a baya, ya hau tabarmarsa, ya girgiza.

Korau ya mutu bai je ba. 'Ya'yansa ba su je ba, jikokinsa ma haka. Shi ya sa har yau kare yake zuba wa mutum gashi a shimfiɗa, a riga, har da kujerar mota in an kuskura an ɗauke shi. Saboda haka kada in ƙara ganin wani cikinku ya jefi kare don ya ɓata kujera. Ku jiƙa hannu ku kwashe. Wanda kuma ya gaji da kwasa, ya nemo jikokin Korau ya tasa su gaba zuwa ƙofar dagaci. Karen yana nan yana jira.