Mutumin da Ya Sake Ba da Aron Kututturensa

Kai Ilu, kai ka so ka nakasa min ɗa. Ɗago kanka, da kai nake. Jiya ƙanenka Tanimu ya zo aron ƙarafan nan biyu da ake tokare mota da su, zai mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba. Ka ce ba ka bayarwa, wai bara ya ari famfonka na taya ya dawo da shi a karye. Ka kulle su a ɗaki ka yi tafiyarka. Shi kuma mai taurin kai ya shiga madafina, ya mirgino turmina, ya tura shi ƙarƙashin mota. Ina ɗaki na ji ƙara. Turmi ya dare biyu, mota ta zauna a ƙasa, shi kuwa janye ƙafarsa ke nan. Alhamdu lillahi, ga shi nan yana cin tuwo. Amma ɗaya gefen bai juya ba, kuma na ji da kunnena yana cewa gobe zai ƙarasa da bulo.

To, tunda Allah Ya tara ku, ga kawunku ga matanku, ku tsame hannu daga kwano ku saurara.

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah, tun motocin gari ba su da yawa. Yana da tsohuwar a-kori-kura, da ita yake kai hatsin mutane kasuwa, da ita yake ci da iyalinsa. Idan tayoyin gaba suka fara suɗewa, a ƙofar gida yake juya su da kansa. Ba ya gaggawa. Sai ya nemi ƙasa mai tauri wadda ba gangare, ya ja birkin hannu, ya sa giya, ya datse tayoyin ɗaya gefen da duwatsu gaba da baya. Ya sassauta notina tun mota na ƙasa. Sannan ya ɗaga da jak, ya kawo kututturensa biyu na kirya, masu kauri, an daddatse su sumul, ya sa su ƙarƙashin ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, ya sauke ta a kansu. Kafin ya cire taya sai ya kama motar ya girgiza ta da ƙarfinsa. In ta motsa, ya sake. Yakan ce jak ɗagawa ne aikinsa, riƙewa ba nasa ba ce.

Yana da maƙwabci, Sallau, shi ma mai mota. Sallau kan tsaya yana dariya.

"Malam, wannan juyin taya ne ko ginin ɗaki?"

Shi dai murmushi. "Ƙafafuna biyu ne kacal, Sallau."

Wata damina Sallau ya zo aron kututturen. Ya ba shi. Aka kwana, aka yini, shiru. Da ya je karɓa, ku saurara da kyau, sai ya tarar an faskara su. Ruwa ya jiƙa itacen gidan, ga baƙi, aka dafa tuwo da su.

Sallau ya ce, "To ai itace ne, Malam. Sai ka ce an yanka maka sa."

Bawan Allah ya dubi tokar, ya ce, "Allah Ya sa baƙin sun ƙoshi." Ya juya gida.

Lokacin tayarsa ta gaba ta suɗe har zare ya fito, ga kasuwa ta matso. Matarsa ta ce ya tara bulo ya yi aikinsa kamar kowa. Ya ce bulo ba ya yin gargaɗi, lokaci guda yake rugujewa. Ya bar mota a ajiye, kasuwa ta ci ba shi, lodin da ya saba ɗauka wani ya ɗauka. Da ƙafa ya shiga daji ya samo wata kiryar, ya kai wa masassaƙi. Ranar nan gidansu kunu aka sha, kuma ba wanda ya ji sunan Sallau a bakinsa.

Kuna tsammanin jarrabawar ke nan? Ba ita ba ce. Tana tafe.

Bayan kaka sai ga Sallau da sallama, ko kunya babu.

"Malam, an ce ka yi sababbi. A ara min, zan juya nawa."

Matar ta leƙo daga zaure. "Wallahi Malam in ka ba shi, ni ce zan fita da kaina in ƙwato. Miyar baƙin nasa ce ba ta nuna ba?"

Ya ce mata, "Uwargida, in na hana shi, fasa aikin zai yi?"

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba da cewa:

"Ba zai fasa ba. Bulo zai tara, ko ya bar ta kan jak ya zura ƙafa. In ta sauko masa, me zan ce wa 'ya'yansa? In ce ina jin haushin itace?"

Ya ɗauki ɗaya a kafaɗa, ya mirgina ɗaya da ƙafa, har ƙofar Sallau. Da hannunsa ya sa duwatsun, da hannunsa ya daidaita kututturen, ya girgiza motar. Ya zauna a inuwa suna hira har aka ɗaure noti na ƙarshe. Da aka sauke mota ya ɗauki abinsa ya koma gida, don haƙuri ba wauta ba ne.

Na ga kuna jira in ce jak ya zame, kututture ya ceci Sallau, ya faɗi yana kuka yana neman gafara. Ba abin da ya zame. Ba abin da ya faɗi. Abin da ake nema ke nan. Su biyun suka tsufa da ƙafafunsu, tare suke takawa masallaci, Sallau yana tsokanarsa har furfura.

Ga abin da nake gaya muku, ba a kaikaice ba. Duk abin da zai tsare lafiyar ɗan'uwanka, ba ka da ikon kulle shi saboda fushi. Ka hana shi rigarka, ka hana shi rediyonka, ba ruwana. Amma abin da zai tsaya tsakanin ƙarfe da ƙashinsa, ko ya ɓata maka sau nawa, ɗauka za ka yi ka kai masa, ka tsaya a kansa. Wancan maƙwabci ne kawai. Ku kuwa nono ɗaya kuka sha.

Kai Tanimu, daina lashe hannu kana murna, ban manta da kai ba. Turmi rami ne a cikinsa, don daka aka sassaƙa shi. Sabo nake so, kuma in na ga bulo kusa da motar nan gobe, da taɓarya za ka gamu.

Amma kai Ilu, kai ne babba, kuma kai za ka fara. Ga kawunka zaune. Ciro makullin nan daga aljihunka ka ajiye a gabansa, sannan ka buɗe baki ka gaya mana: da ƙafar yaron nan tana ƙasa lokacin da turmin ya dare, da famfon naka za ka kawo min? Ba mai tashi daga tabarmar nan sai ka amsa.