Gidan da Aka Hana Taɓawa

A zamanin da, a wata ƙasa mai nisa, an yi wani sarki mai suna Jatau. Ya gaji wani tsohon gida a bayan gari, tsakiyar gonaki, inda iyaye da kakanni suke zuwa hutawa. Soron gidan yana tsaye kan ginshiƙai masu lanƙwasa da magina ke kira bakan gizo, an jera azara a rufinsa kamar saƙar tabarma, an kafa farantan tangaran a tsakiya, ga alkuki a kowace kusurwa da baƙin hayaƙin fitilun mutanen da suka shuɗe. A jikin bangon kuwa akwai shatin yatsun mahaifin Sarki, domin shi da kansa ya yi yaɓen ƙarshe.

Da mahaifin ya rasu, Sarki ya sa aka yi shela: duk wanda ya taɓa bangon nan, za a kore shi daga ƙasar har abada.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, gida ya fara zubewa. Sarkin Magina Gagare ya kasa haƙuri, ya kwaɓa ƙasa ya toshe wata tsaga a bakin indararo. Dogarai suka kama shi.

Waziri Cindo tsoho ne, ya gaji da fada, ya gaji da maganar da ba a ji. Ya sha faɗa wa Sarki cewa ginin ƙasa sai da yaɓe, Sarki ya sha kawar da kai. Wannan karon bai yi musu ba. Ya durƙusa da ƙyar ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a yanke hukuncin a inda aka yi laifin."

Aka tafi da hantsi, aka shimfiɗa wa Sarki buzu a soron. Wari na danshi ya cika ɗakin. Waziri ya nemi wuri ya zauna kusa da inda bango ya ɓare, ya ƙura masa ido, har Sarki ya gaji da jira.

"Baba Waziri, barci kake yi?"

"Ina fa barci, ranka ya daɗe. Gaisawa nake da kakanka."

Sarki ya taso ya duba. Inda ƙasa ta zube, yaɓe ne a kan yaɓe kamar ɓawon albasa, kowanne da shatin yatsu.

"Na saman nan na mahaifinka ne," in ji Waziri. "Ni na riƙe masa alkyabba ranar. Na ƙarƙashi na kakanka ne, mahaifinka ne ya rufe shi da hannunsa kafin ruwa ya sauka."

Sarki ya ce a hankali, "In na rufe na mahaifina, ba zan ƙara ganinsa ba."

"Ba za ka gan shi ba, Zaki. Amma yana ciki, a bushe. In ka bar shi a waje, damina mai zuwa za ta kai shi gona."

Sarki ya juya ga dogarai. "Ku kwance Gagare. Sarkin Magina, ka yafe mini. Akwai sauran kwaɓin nan naka?"

"Ya bushe, ranka ya daɗe."

"To, a kawo ruwa."

Aka soke dokar a ranar, aka mayar da yaɓen gidan aikin kowane sarki kafin damina. A nan hikayar ta tsaya, Allah ya bar mu da masu faɗa mana gaskiya.