Takardar Shaida a Fadar Sarki Zailani

An yi wani sarki a ƙasar gabas, Zailani sunansa, mai son ilimi ƙwarai, amma da ɗan gaggawa. Ran nan ya ziyarci wata babbar madarasa, ya ga ɗalibai suna karɓar takardun shaida masu hatimi, abin ya burge shi. Ko hutawa bai yi ba ya yanke hukunci cewa daga yau wanda ba shi da irin wannan takarda ba zai riƙe aiki a ƙasarsa ba, ya kuma umarci Waziri Hambali ya zartar.

To, shi Hambali a zaure ya yi karatu, wurin malaman da idan ka sauke littafi sai su tofa maka albarka kawai, babu takarda. Hankalinsa ya tashi, domin yana son aikinsa kamar ransa.

Da safe sai ga shi a fada da hula kaɗai, rawaninsa a naɗe bisa faifai. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na fara zartarwa a kaina, gama ba ni da takarda. Sai dai akwai wani mutum guda a fadan nan, nauyinsa nake ji."

Sarki ya ɓata rai, ya rantse cewa ko ɗan'uwansa ne sai ya sauka, a faɗi sunansa.

Hambali ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, sarauta ma aiki ce."

Nan Zailani ya tuna shi kansa ba shi da takarda. Can sai sarki ya fashe da dariya har da hawaye, fadawa suka samu sarari suka taya shi, don rabinsu ma ba su da takardar. Da ya natsu ya nemi shawara. Waziri ya ce aikin da kuskurensa ke taɓa rai ko haƙƙi, kamar likitanci da alƙalanci, a nemi shaida, a kuma jarraba mai ita. Sauran ayyuka kuwa a ba mutum dama ya nuna abin da ya iya, madarasa kuma ta buɗe ƙofa ga mai buƙata.

Sarki ya yi farin ciki matuƙa, ya tabbatar da shi a kan waziranci, ya ƙara masa da alkyabba da ingarma, sa'an nan ya ce a rubuta a ƙofar fada: dokar da mai yin ta ba zai iya tsallakewa ba, zalunci ne a ɗora wa talaka.